Tambayoyi da amsoshi: yadda ake tantance 'yan wasan da ba mai su a lig ɗin fantasi na besbol mai cunkoso

Yawancin waɗanda ke turo waɗannan tambayoyin daga fantasin Firimiya suka taso, shi yasa tambayoyin ke maimaita kansu duk sati, musamman ranar Lahadi in lokacin zuba tayin FAAB, wato makin da ake neman 'yan wasan da ba mai su dashi, ya matso. Na tattara su waje guda na amsa, wanda ya riga ya san wani sashe ya tsallake abinsa.

Malam, wai me ake nufi da lig mai cunkoso, meye bambancinsa da wanda muke bugawa mu goma?

Lissafi ne kawai. MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ƙungiya 30 ce, kowacce 'yan wasa 26 take riƙewa, kenan 780 gaba ɗaya. In kuna ku 10 a lig, kowa ya ɗauki 25, mutum 250 kawai kuka taɓa, sauran suna nan zube, duk ranar da ka so zaka samu wanda ke buga wasa kullum. To amma a lig irin babbar gasar NFBC, wani dandalin fantasi na Amurka, mutum 15 ne kowa 'yan wasa 30, an kwashe 450 kenan tun kafin a fara kaka. Wanda yafi wannan tsanani shine lig ɗin ɓangare guda, AL kaɗai ko NL kaɗai (ɓangarori biyu na MLB), mutum 12 kowa na buƙatar masu bugu 14, gurbi 168 kenan, alhali ƙungiyoyi 15 na ɓangaren masu bugu tara-tara suke fara wasa dasu, 135. Kaga guraben sunfi 'yan wasan yawa, dole wasu a cikinku su saka mutumin da ko kocinsa ma a benci yake ajiye shi.

Kuma ka manta da tsarin Firimiya inda mutum miliyan zasu iya sayen Haaland lokaci guda. Nan ɗan wasa ɗaya mai shi ɗaya ne, in wani ya riga ka shikenan sai dai musaya.

To me zan fara dubawa kafin in ɗauki mutum?

Shin ana saka shi? Wannan ce tambayar farko, kuma a ganina ita ce rabin aikin ko ma fiye. Mutane na son su fara da ƙwarewa, wane yafi wane ƙarfin bugu, wane yafi gudu, amma a tsarin 5x5 da aka fi bugawa (fanni biyar na masu bugu, biyar na masu jifa), huɗu cikin biyar na ɓangaren masu bugu tarawa ake: R (ran, wato zagayawa a dawo gida), HR (hom ron, fitar da ƙwallo waje da fili), RBI (ran da bugunsa ya kawo) da SB (satar bes), abarej (kason tsayuwarsa da ya zama bugu mai kyau) ne kaɗai ba'a tarawa. Wanda ke zaune a benci bazai tara maka komai ba ko da Allah ya hore masa baiwar duniya. Matsakaicin ɗan wasa da zai tsaya bugu sau 25 a sati yafi maka gwanin da zai tsaya sau 9, ba ma kusa ba.

Saboda haka kafin ka kalli lambobinsa buɗe jerin wasannin ƙungiyarsa na kwana goma da suka wuce, akwai shi a sashen RosterResource na shafin FanGraphs, ka ga sau nawa ya fara, kuma a gurbi na nawa ake jera shi. Gurbin nan ba ƙaramin abu bane, duk matakin da ka sauka ƙasa a jerin masu bugu kana asarar tsayuwa wajen 18 a kaka, wato tsakanin mai buɗe jeri da na tara akwai tazarar sama da tsayuwa ɗari, ga kuma na gaban shi manyan masu bugu ke biyo bayansa su koro shi gida.

Sai abu na biyu da mutane ke tsallakewa: me yasa ake saka shi? In dan wani ya ji rauni ne, duba wane IL, wato jerin masu rauni, aka saka mai raunin, na kwana 10 ne ko na 60. Wanda ya gaji gurbin mai kwana 60 kana iya kashe kuɗi akansa, wanda ya gaji na kwana 10 kuwa ɗan riƙon ƙwarya ne, ka biya shi kuɗin riƙon ƙwarya. Akwai kuma 'yan karɓa-karɓa, waɗanda koci ke sakawa gwargwadon hannun mai jifan ranar. In bahago ne da ake sakawa gaban masu jifa da dama to da sauƙi, zai buga mafi yawan wasanni tunda masu jifa da dama sunfi yawa nesa ba kusa ba. In kuwa shine ɗaya ɓangaren, wanda sai an kawo bahagon mai jifa ake tuna shi, wasa biyu a sati zaka gani, wani satin ma ɗaya.

Wani yaro na ta zuba hom ron sati biyun nan, in yi wuf dashi?

Ka ɗauka in da araha, amma ka sani tarihin wasan nan cike yake da irinsa. Chris Shelton na Detroit ya buga hom ron 9 a wasanni 13 na farkon kakar 2006, kafin Yuli ya ƙare an maida shi Triple-A, matakin da ke ƙasa da MLB. Yermín Mercedes na White Sox ya buɗe 2021 da bugu takwas cikin tsayuwa takwas, aka bashi gwarzon sabbin 'yan wasa na Afrilu, farkon Yuli aka tura shi ƙasa. Aristides Aquino ya zuba 14 a watan Agustan 2019 kaɗai a Cincinnati, daga nan bai sake zama abin a zo a gani ba.

Sai dai kuma in kace duk mai tashe ƙarya ne, to kai zaka rasa José Bautista, wanda ya buga 13 kacal a 2009 sannan ya buga 54 a 2010, ka rasa Max Muncy da Oakland ta sallama ya je Dodgers ya buga 35 a 2018, ka rasa Brent Rooker da ƙungiyoyi suka yi ta jifa da shi kafin ya buga 30 a 2023 ya ƙara da 39 a shekara mai bi. Duk waɗannan a lig da yawa ba wanda ya zaɓe su ranar diraf, a kwandon saura, wato cikin waɗanda ba mai su, aka tsince su.

Abinda ke raba su shine ko akwai wani abu da ya canza wanda zaka iya nunawa da yatsa. Bautista ya gyara lokacin da yake fara lilon sanda, kuma 10 daga cikin 13 ɗin nan na 2009 a ƙarshen kaka ya buga su, alamar tana nan ga mai dubawa. In ka duba baka ga canjin komai ba, yana dukan iska kamar da, ƙarfin bugunsa kamar da, kawai dai ƙwallaye ne ke faɗawa inda ba kowa, to ka ci moriyarsa sati biyu ka sake shi ba tare da kunya ba.

Waɗanne lambobi ne za'a iya yarda dasu da wuri?

Ba duka suke nuna gaskiya lokaci guda ba. Binciken Russell Carleton da kowa ke kafa hujja dashi ya nuna yawan K (fitar da mai bugu da jifa, wato strikeout) na mai bugu yana fara ma'ana tun wajen tsayuwa 60, yawan BB (zuwa bes na farko kyauta saboda jifa huɗu marasa kyau) wajen 120, amma BABIP, wato kason ƙwallayen da ya buga cikin fili suka zama bugu mai kyau, sai an tara ɗaruruwa, sama da kaka guda. Matsakaicin BABIP a lig yana yawo ne tsakanin .290 da .300, dan haka in kaga mutum na abarej .340 da BABIP .420, kuma ba wani gudu gare shi ba, sa'a ce ke ɗauke dashi kuma zata sauke shi.

Tun 2015 da aka kawo Statcast, tsarin da ke auna gudun ƙwallo da motsin 'yan wasa, aiki ya yi sauƙi, shafin Baseball Savant da ke nuna lambobinsa kyauta ne. Ni abu uku nake kallo: ƙwallo mafi ƙarfi da ya taɓa bugawa, dan wannan ko sau ɗaya ya buga ta ya nuna ƙarfin yana jikinsa, kason bugunsa da ya kai mil 95 a awa, sai yawan bin ƙwallon da ta fita daga gurbin jifa mai kyau (strike zone). Mai K sama da kashi 30 cikin ɗari, alhali matsakaici wajen 22 ne, sai ya zama yana da ƙarfi na gaske kafin koci ya jure shi, kuma abarej ɗinka ne zai biya kuɗin.

Masu jifa fa? ERA nake bi amma kullum sai in ƙone.

Dole ka ƙone, ERA (matsakaicin ran da mai jifa ke sha a inin 9, wato zagaye tara na wasa) na wata guda kusan ba abinda yake faɗa maka. Ka cire kason BB daga kason K ka ga me ya rage, matsakaici wajen 14 ne, wanda ya haura 18 ko 20 kuma yana kwandon saura a lig mai mutum 15 ka ɗauke shi ko da ERA ɗinsa ya kai 5, wanda yake ƙasa da 10 kuma ERA ɗinsa 2.50 ka bar wa maƙwabci. Bayan haka gudun jifa, shi tun wasa ɗaya ko biyu ake gane shi, mutumin da bara yake jifa 92 bana yana 95 ba shi bane na bara, haka wanda ya ƙaro sabon nau'in jifa yana kuma amfani dashi sosai.

Wani abu da ke ba mutane mamaki a lig mai cunkoso shine sau da yawa gara ka bar mai fara jifa na biyar na ƙungiya mara ƙarfi ka saka mai karɓar jifa na tsakiyar wasa. Na farkon in ya sha ran 5 cikin inin 3, ERA 15.00 kenan a ranar, sai ka yi sati uku kana wanke wa. Na biyun zai baka inin uku ko huɗu masu tsafta a sati da K biyar ko shida, wani lokacin har nasara ta faɗo masa. Lokacin da Tampa Bay ta fito da dabarar buɗe wasa da mai jifan inin ɗaya a 2018, Ryan Yarbrough ya ci nasara 16 alhali wasa 6 kawai ya fara, saboda dokar sai-ka-yi-inin-biyar kafin a baka nasara mai farawa kaɗai ta shafa. Amma ka duba dokar lig ɗinku tukuna, da yawa suna da mafi ƙarancin inin da dole ka cika.

Filin wasa na da tasiri ko surutu ne?

Yana da shi. Coors Field na Denver yana wajen mita 1,600 sama da teku, iska ba nauyi, ƙwallo na tafiya, jifa mai lanƙwasa baya lanƙwasa yadda ya kamata. Kar ka ɗauki mai jifan haya, wanda kake ɗauka na ɗan lokaci, satin da zai je can, mai bugu kuwa ko gama-gari ne in ƙungiyarsa zata yi wasa uku ko huɗu a can ya cancanci dala ɗaya ko biyu na FAAB. Haka in zaka karanta lambobin Triple-A, garuruwa irinsu Albuquerque, Reno, Las Vegas, Salt Lake da El Paso duk kumbura lambobin masu bugu suke, sai ka rage musu.

Oga ya ake farautar seb ba tare da an tsiyace ba?

Seb shine abinda ake ba mai jifan da ya rufe wasa ya kare ƙaramar tazarar nasara. Kowace ƙungiya mai rufe wasa ɗaya gareta in ma tana dashi, wasu ma raba aikin suke tsakanin mutum biyu ko uku, ku kuma ku 15 kowa na neman biyu. Shi yasa ranar da aka sanar da sabon mai rufewa kuɗin FAAB ke tashi kamar farashin rago ana jibi Sallah, kuma wanda ya saya a ranar shi yafi kowa tsada. Dabarar ita ce ka riga sanarwa. Nemi ƙungiyar da mai rufewarta ke tangal-tangal ko kuma ƙungiyar da ba zata je ko'ina ba bana wadda zata sayar dashi a ƙarshen Yuli kafin a rufe musayar 'yan wasa, ka ga waye ke jifan inin na takwas in ana kan gaba da ɗaya ko biyu, ka ɗauke shi da kuɗi kaɗan sati biyu kafin lokaci. A 2022 Baltimore ta sayar da Jorge López ga Minnesota farkon Agusta, Félix Bautista ya gaji kujerar, a 2023 ya tara seb 33 da ERA 1.48. Duk wanda ya kalli yadda yake fidda mutane tun watan Yuni ya san inda abin zai ƙare.

Ka kula dai, mafi gwaninta ba lallai shi koci zai ba, wasu kocin sunfi son tsohon hannu, wasu basa son kashe bahagonsu ɗaya tilo a inin na tara. Abinda koci ya yi a wasanni uku na baya yafi abinda ya faɗa wa 'yan jarida.

Satar bes har yanzu tana da tsada kamar da?

A'a. Daga 2023 da aka ƙara girman bes daga inci 15 zuwa 18, aka kawo agogon jifa, aka taƙaita yawan juyawar mai jifa ga mai gudu, sata ta tashi daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503. Illar ita ce yanzu ana buƙatar sata da yawa kafin ka motsa a teburi, amma kuma ana samunta warwatse, goma nan sha biyu can. Irinsu Esteury Ruiz da ya saci 67 a 2023 da hom ron 5 kacal, ka ɗauke su ne kawai in ka duba teburi kaga satar zata ɗaga ka matsayi uku ko huɗu, in ba haka ba abinda zasu rage maka a HR da RBI ya cinye ribar.

An kira wani matashi daga Triple-A kowa na zuzuta shi, nawa zan zuba?

Nan ne hankali ke barin mutane. Paul Skenes ya fara a watan Mayun 2024 ya gama da ERA 1.96, wanda ya zuba rabin kuɗinsa akansa bai yi asara ba. To amma a wannan kakar dai Jackson Holliday, wanda ake cewa shine na ɗaya a duk matasa, ya samu bugu 2 cikin 34 aka maida shi. Jarred Kelenic a 2021 ya tsaya sau 39 a jere ba bugu ko ɗaya kafin Seattle ta sauke shi. Ko Mike Trout abarej .220 ya yi a zuwansa na farko a 2011.

Ni dai tambayoyina biyu ne. Ƙungiyar ta share masa gurbi ne, ko kuwa cike giɓi yazo yi na kwana goma? Sannan yawan K ɗinsa a ƙasa nawa ne, dan in yana dukan iska a Triple-A to a sama abin ƙaruwa zai yi. In lig ɗinku na riƙe 'yan wasa zuwa baɗi lissafin daban ne, ka ƙara kuɗi. In na kaka ɗaya ne, sau tari wani ɗan shekara 29 mara suna da ya samu gurbin dindindin zai fi amfanar ka akan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin.

Ya zan raba kuɗin FAAB ɗin? Kuma kuɗin gaske ne?

Ba kuɗin gaske bane, maki ne ake ba kowa daidai a farkon kaka, wasu lig 100 wasu 1,000, ana tayi a ɓoye wanda yafi yawa ya ɗauka. Masu gudun abinda ya shafi caca, akwai lig na kyauta a Yahoo, ESPN da Fantrax da ba'a saka ko sisi.

Rabon kuwa, abinda ka saya a Afrilu wata shida zai maka aiki, na Agusta wata biyu, saboda haka kashewa da wuri ba laifi bane, wanda ya kai Satumba da 600 cikin 1,000 bai yi tattali ba, barci ya yi. Amma ka bar ɗan canji na makonnin ƙarshe, lokacin da kowa ya ƙare dala uku ma sarauta ce. Kar ka riƙa tayi da lamba mai zagaye, kowa 50 yake sakawa, kai saka 53. Ka jera madadin huɗu ko biyar a ƙarƙashin kowane tayi dan kar ka tashi ba kowa. Kuma ka karanta sakamakon tayin kowane sati har da na biyu da ya faɗi, a nan zaka gane waye mai ɓarna waye mai maƙo a lig ɗinku.

Banda guda ɗaya: a lig ɗin AL kaɗai ko NL kaɗai ana ajiye kuɗi saboda ƙarshen Yuli, dan tauraro na iya tsallakowa daga ɗaya ɓangaren ya faɗo kwando. CC Sabathia ya koma Milwaukee daga Cleveland a 2008 ya ci 11 ya faɗi 2 da ERA 1.65, Manny Ramirez a shekarar ya je Dodgers ya buga .396, J.D. Martinez ya bar Detroit zuwa Arizona a 2017 ya buga hom ron 29 cikin wasa 62. Sai dai wata shekarar ba wani babba da ke tsallakowa, kuma mutum ɗaya ne zai samu na farko, in ba kai kafi kowa kuɗi ba to kar ka zauna jira.

Wa zan kora in ba gurbi?

Wanda ka san in ka sake shi ba mai ɗauka. Kar ka kalli zagayen da ka zaɓe shi a diraf, wannan kuɗin ya riga ya tafi. A kowane tayi ka auna mutum biyu ne, mai shigowa da mai fita, kuma in bambancin bai taka kara ya karya ba ka bar kuɗinka. Ka ɗan ƙara daraja ga mai iya tsaron gurbi biyu ko uku, dan a lig mai cunkoso ranar da rauni ya faɗo shi zai hana ka barin gurbi fanko, sai dai ka duba ƙa'idar dandalinku, Yahoo na bada gurbi da wuri, NFBC sai wasa 10 cikin kaka.

Mai kama ƙwallo na biyu fa, nawa baya komai.

Na kowa baya komai. Lig mai mutum 15 da masu kamu bibbiyu 30 kenan, an kwashe na kowace ƙungiya. Nan kaɗai ne nake sassauta dokar yawan tsayuwa: in mutum zai tsaya sau 400 da abarej .195, gara wanda zai tsaya 200 da .250.

Ina Kano, lokacin wasannin na kashe ni, ya zan yi?

Wasan ƙarfe 7 na yamma a New York sha biyun dare ne a Najeriya da Nijar, na California kuwa sai wajen uku na dare ake farawa. Saboda haka ka nemi lig mai saita 'yan wasa sau ɗaya a sati da tayin FAAB, ka guji wanda duk wanda ya riga dannawa shi ya ɗauka, dan Ba'amurke zai ga rauni kai tsaye ya kwashe magajin kana barci. Tayin Lahadi ka shigar dashi tun bayan la'asar, ka sake leƙawa bayan isha'i tunda yawancin wasannin Lahadi da rana ake buga su a can, zuwa sha ɗayan dare ka ga wanda ya ji ciwo da wanda ya rufe wasa, ka gyara lambobinka ka kwanta, in ka tashi asuba sakamako ya fito.